Ashirin Bisa Ashirin

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan faɗa har da laifina a ciki. Masu turo min saƙo suna cewa, "Winifred, Allah ya ba ki mutumin kirki, me kuma kike nema?" ku karanta wannan tukuna, sannan ku dawo ku yi min faɗan.

Ga waɗanda yau suka fara bina: shekarata ashirin da huɗu, gidanmu yana Kolere a nan Mubi, kuma ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Mai nemana sunansa Zacharia. Shekararsa talatin, yana da shagon maganin dabbobi kusa da kasuwar shanu, shi ne shugaban matasa a cocinmu, shi ke kaɗa piyano ran Lahadi. Dogo ne, baƙi, rigarsa kullum a goge, ko a tsakiyar damina da hanyar Kolere ke zama taɓo ba za ka ga ɗigo ɗaya a takalminsa ba. Mutanen Michika ne, bayan shekarar gudu, da 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwanmu, suka dawo Mubi da zama shi da mamarsa. An sa ranar da danginsa za su zo gaisuwa gidanmu, wata Asabar. Abin da zan ba ku ya fara ne saura mako uku.

Aikin bincikena na ƙarshe kan abu ɗaya ne: yadda mutum ke gyara kansa in an ba shi takardar tambayoyi. Malamata, Dakta Habibat, ita ta tsara min. Takardar kashi biyu ce. Kashi na farko jimloli ashirin ne kan ƙananan laifuka da kusan kowa yake yi, mutum ya zaɓi "gaskiya ne" ko "ba gaskiya ba ne". Irin su: ban taɓa gulmar kowa ba. Ban taɓa ganin kira na ƙi ɗauka da gangan ba. Ban taɓa gyangyaɗi a wurin ibada ba. Ban taɓa jin daɗi a raina don wanda ba na so ya sha kunya ba. Duk inda mutum ya wanke kansa, maki ɗaya. Kashi na biyu shi ne ainihin abin da ake nema: barci, tsoro, fushi, baƙin ciki. Amfanin kashin farko shi ne ya nuna mana ko za mu yarda da abin da mutum ya faɗa a na biyu.

Sau biyu ake cikewa. Karon farko da suna, ina zaune gaban mutum ina karanta masa. Bayan mako biyu a sake, babu suna, a ninke a jefa cikin kwali. Matasan cocinmu su sittin na zaɓa, kuma Zacharia da kansa ya ce shi zai fara don ya ba sauran ƙarfin gwiwa.

Ranar ya zo da la'asar, cikin farar shadda mai ƙaramin aiki a wuya, da ledar lemo a hannu ta Baba. Mama ta shimfiɗa sabon leshi a kan teburin falo, wanda ba a fito da shi sai Kirsimeti, ta kawo masa kunun gyaɗa a kofin gilashi. Sai ta ƙi fita. Ta zauna a bakin ƙofa tana tsince yakuwa, kunnenta duka biyu a wurinmu.

"Ban taɓa gulmar kowa ba," na karanta.

"Gaskiya ne."

"Ban taɓa ganin kira na ƙi ɗauka da gangan ba."

"Gaskiya ne."

"Zaka, ka yi tunani mana kafin ka amsa."

Ya yi murmushin nan nasa da ke sa 'yan matan ƙungiyar mawaƙan coci su manta waƙa. "Me zan tuna, Wini? Abin da ban yi ba?"

Haka muka bi har ashirin. Ko sau ɗaya bai tsaya ba. Da muka shiga kashi na biyu, barcinsa lafiya, ba ya firgita, ba ya fushi, bai san baƙin ciki ba. Mama ta ɗaga hannu sama ta ce, "Yesu na gode." Ni ma, kar in yi muku ƙarya, kaina ya yi girma. Na rubuta ashirin bisa ashirin a saman takardar har da ja masa layi biyu.

Washegari na kai wa Dakta Habibat takardu goma na farko. Mace ce 'yar siririya, ba ta son dogon zance, tabaronta kullum a kan hanci. Na rufe sunaye kamar yadda ta koya min. Tana juyawa tana cewa, "Tara. Sha ɗaya. Takwas. Madalla." Da ta zo kan tasa sai ta tsaya.

"Wannan fa?"

"Ashirin ne, Ma."

"Na gani. Kin karanta masa da kyau?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

Ta cire tabarau. "Shekara goma sha biyar ina wannan aiki. Mutum na yau da kullum yakan tsaya tsakanin takwas da sha biyu. In na ga sha bakwai, sai in sa alama. Ashirin kuwa, ko dai yana ɓoye wa mai tambaya, ko ya daɗe yana ɓoye wa kansa har ya yarda. Ba ina cewa mugu ba ne, ki fahimce ni. Takarda ba ta gane mugu. Abin da take faɗa kawai shi ne, duk abin da ya gaya miki a kashi na biyu, kar ki dogara da shi."

"To in da gaske mutumin kirki ne fa, Ma?"

"Mutumin kirki ma yana gyangyaɗi a coci, Winifred."

Ta mayar da tabaronta ta ci gaba. Ni kuwa na fito daga ofishin. Ƙawata Dijatu, wadda muke aji ɗaya kuma take taya ni shigar da amsoshi a kwamfuta, tana jirana a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ta dubi fuskata ta ce, "Ta soke aikin ne?" Na ce a'a, kaina ke ciwo. Wannan ita ce ƙaryata ta farko a cikin labarin nan, ku riƙa ƙirgawa.

Daga ranar idona ya canza. Ban so ba, amma ya canza.

Zacharia yana da waya biyu: babba ta WhatsApp, da ƙarama mai maɓalli wadda ya ce ta makiyaya ce masu sayen magani. Kwana uku bayan nan muna cikin keke za mu gaida wani dattijon coci a asibiti, ƙaramar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro, ya duba, ya danna ja, ya mayar. Kafin ya mayar na ga sunan. Eva.

"Ba ka ɗauka ba?"

"Ƙarar keke ta yi yawa."

Mun sauka, wuri ya yi shiru, bai kira ba. Na tuna jimla ta biyu a takardata, da yadda ya ce "gaskiya ne" yana kallon cikin idona. To, sha tara kenan.

Ran Lahadi ina zaune a layi na uku ina kallonsa lokacin wa'azi. Kansa ya yi ƙasa a hankali, ya taɓa murfin piyano, ya farka a firgice kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ya waiga ko wani ya gani. Na sunkuyar da kai cikin littafin waƙa. Sha takwas.

Na san abin da za ku ce. Wace irin yarinya ce wannan, tana bin saurayinta da jan biro? Ni ma na tambayi kaina. Ba gyangyaɗin ne ya dame ni ba, wa bai taɓa yi ba? Abin da ya dame ni shi ne sauƙin da ƙaryar ta zo masa, ba ƙifta ido, ba in-ina. In ƙarama ta fito sumul haka, babba fa?

Na gwada Mama da dabara muna wanke-wanke. "Mama, da kuka yi bincike a kansa, wa kuka tambaya?"

"Fasto. Da maƙwabtansu. Da mai shagon kusa da shi. Kowa ya ce yaron ba shi da matsala."

"A gaban wa suka faɗa?"

"A gaban Babanka mana." Mama Hausarta ba ta raba mace da namiji, duk gidanmu "kai" ne.

"To wa zai kalli Baba a ido ya ɓata shugaban matasa?"

Ta ajiye tukunyar da ƙarfi. "Winifred, karatun nan zai ɓata maka kai. Yaran mutane suna kawo mashaya gida, kai ka samu wanda ko goro ba ya ci, kana neman aibu da tocila. Ka bar ni in ɗaga kai a zumuntar mata sau ɗaya."

Na ci gaba da ɗauraye kwanuka. Mama ta sha magana a kan yayata da aurenta ya mutu, na san daga inda zafin yake fitowa.

Saƙonninsa kuwa ba su fasa ba. Ƙarfe shida na safe: "Barka da asuba, sarauniyata. Ubangiji ya tsare fitarki." Da rana: "Kin ci abinci?" Da ina karanta su ina murmushi ni kaɗai. Yanzu sai na lura kullum kalmomin iri ɗaya ne, lokacin ma ɗaya ne, kamar an saita agogo. Na rubuta masa: "Wace ce Eva?" Na goge. Na sake rubutawa. Na goge. A ƙarshe na tura: "Na ci, kai fa?" Ƙarya ta biyu, ko ruwa ban sha ba.

Lahadin da ta rage kwana shida, bayan sujada, aka yi zagaye na biyu. Na kawo kwalin taliya na liƙe shi da salatif, na huda baki a sama. Na tsaya gaban matasa na yi musu alkawari da bakina: babu suna, babu wanda zai san takardar wani, har ni. Kowa ya nemi lungu ya cike. Zacharia ya tafi can bayan coci wajen tankin ruwa, ya fi kowa daɗewa. Da ya zo jefawa bai kalle ni ba.

Litinin muka buɗe kwalin a ɗakin Dijatu a hostel. Tana kan katifa da kwamfuta a cinya, ɗankwalinta a kafaɗa, ni ina ƙasa ina sa wa takardu lamba ina karanta mata. Abin dariya ne da farko. Mutanen da a gabana ba su taɓa gulma ba, cikin kwali duk sun zama magulmata. Makin da ya kai sha uku a tsakaice ya sauko takwas.

"Dakta za ta yi rawa," in ji Dijatu. "Aikinki ya fito."

Sai na ɗauko ta arba'in da bakwai.

Koren biro. A duk Mubi mutum ɗaya na sani mai rubutu da koren biro, da shi yake rubuta wa makiyaya yadda za su ba shanu magani. Na ce wa kaina, koren biro ai a kasuwa ake sayarwa. Amma a ƙasan takardar akwai fili da muka bari, "in akwai abin da kake son ƙarawa", kuma an yi rubutu a wurin. Haruffan sun kwanta baya, irin na mai hagu. Katin da ya ba ni ran haihuwata yana cikin jakata a lokacin, ban ma buƙaci ciro shi ba.

Ƙa'ida ita ce in kife takardar, in miƙa wa Dijatu ta shigar, in manta. Na yi alkawari gaban mutum sittin. Ban kife ba. Na karanta tun daga sama.

Maki uku. Uku, jama'a, daga ashirin. Ya yi gulma, ya ƙi ɗaukar kira, ya yi ƙarya ga wanda yake so. A kashi na biyu kuwa duk akwatin ƙarshe ya bi: ba ya barci, kusan kullum. Yana firgita da ƙara, kusan kullum. Yana jin bai cancanci alheri ba, kusan kullum. A ƙasa ya rubuta: "Na bar ɗan'uwana a hanya. Shekara goma sha ɗaya ban faɗa wa kowa ba."

"Arba'in da bakwai," in ji Dijatu. "Ina jinki."

Na ci gaba da kallon takardar. Ta leƙo, ta ga biron, ta ga fuskata. Dijatu ba ta da wauta.

"Innalillahi. Wini, kife ta."

"Na riga na karanta."

"To ba ki karanta ba. Kin ji ni? In Dakta ta ji kin gane mai takarda kuma kin yi amfani da ita, aikin shekara guda ya tafi. Kuma amana ce. Mutumin nan ya rubuta ne don an ce masa ba wanda zai sani."

"Asabar za su zo, Dija."

Ta rufe kwamfutar. "Ni dai ban ga komai ba," ta ce. "Amma da ni ce, ba zan sa zani ran Asabar ban san wanda zan aura ba."

Laraba Goggo Janet, ƙanwar Baba, ta iso daga Digil da buhun gyaɗa da kaji huɗu a kwando, da ɗinkina da ta karɓo wurin tela: atamfa ruwan goro mai zanen ganye, riga da siket, hannun ya yi fuka-fuki. Ta sa ni na gwada a tsakar gida, tana juya ni kamar 'yar tsana.

"Kin rame, me ke cin ki? Ko murna ce?"

"Jarabawa ce, Goggo."

Uku kenan. Ta ja ni gefe ta rage murya. "Ki saurare ni. Ran Asabar in an tambaye ki, ki ce e da murya mai daɗi, ki sunkuyar da kai. Duk abin da ke ranki ki bar shi a ɗaki. Haka muka yi duka."

Na dube ta na ga ashe ita ma takarda take koya min cikewa.

Alhamis da hantsi na ce zan je makaranta, na hau keke na nufi kasuwar shanu. Shagonsa ƙarami ne, kwalabe jere a kanta, warin maganin kaska ya cika ko'ina. Yana cikin shuɗiyar riga mai gajeren hannu, koren biron a aljihun gaba. Ya ganni ya miƙe da fara'a.

"Amarya da kanta? Da kin faɗa ai da na aiko a ɗauko ki."

Ban zauna ba. "Zaka, wane ɗan'uwa ka bari a hanya?"

Na zaci zai musa. Na zaci zai yi fushi ya ce na ci amana, kuma da ya yi, da gaskiyarsa. Bai yi ko ɗaya ba. Murmushin ya sauka daga fuskarsa a hankali, ya jawo benci ya zauna, ya nuna min gefensa.

"Yayana ne. Mark."

"Ba ka taɓa ce min kana da wa ba."

"Ban taɓa ba." Ya kalli hannuwansa. "Ranar da aka shigo gari muna tare a nan, mun zo sari daga Michika. Babur ɗaya gare mu. Muka ɗauki hanyar tsaunuka. Wajen wani mayo, a bakin rafin, taya ta shige yashi muka faɗi, ƙafarsa ta karye. Ana harbi a bayanmu, ba nisa. Ya riƙe min wando ya ce in ɗaga shi. Na gwada, Wini, Allah ya sani na gwada sau biyu. A na uku na cire hannunsa daga jikina na hau babur."

Ni ma na yi gudun nan ina shekara sha uku, a ƙafa, da ƙanina a bayan Mama. Na san ƙarar da yake faɗa.

"Na ce wa mamarmu cunkoso ne ya raba mu. Har yau haka ta sani."

"Shi fa?"

Ya girgiza kai. "Bai tashi daga wurin ba."

"Eva kuma?"

Nan ya ɗago da sauri. "Ina kika san Eva?"

"A wayarka na gani, ranar asibiti."

"Matarsa ce. Tana Bahuli. Ina taimaka mata da abin da ya samu, amma muryarta ce ba na iya ji. In ta kira sai in ga wurin nan gaba ɗaya."

Hawaye ya zubo masa, na farko da na taɓa gani. Na kama hannunsa. A wannan lokacin, wallahi, na fi sonsa fiye da duk watanni takwas da muka yi. Na ji kamar yau na fara haɗuwa da shi. Na ce masa ya yafe min da na karanta takardar, na karya alkawari.

Ya share ido ya ɗan yi murmushi. "Ba komai. Ai na san za ki gane rubutuna. Shi ya sa na ɗauki koren."

Na gyaɗa kai. Har na ji daɗin maganar. Sai da wani Bafulatani ya leƙo yana sallama, ya ce maraƙinsa ya ƙi tashi a can bayan turke, Zacharia ya ɗauki allura da kwalba ya ce min minti biyar, sai da na zauna ni kaɗai a shagon, sannan maganar ta dawo min da wata fuska.

Ya san zan gane.

Ku tsaya ku yi tunani tare da ni. Duk amfanin kwalin nan shi ne mutum ya tabbata ba mai ganinsa, sai ya saki jiki ya faɗi gaskiya. Amma Zacharia bai rubuta wa kwali ba. Ni ya rubuta wa. Ya san ina karanta halayyar mutane, ya ga yadda nake kallonsa mako biyu, wataƙila ya gane ashirin ɗin nan ba ta burge ni ba. Mama tana son waliyyi, ya ba ta waliyyi. Ni kuma me nake so? Mutum mai rauni wanda ya buɗe min zuciyarsa ni kaɗai. Shi ma ga shi an ba ni, har da hawaye. To takarda ta biyun gaskiya ce, ko ita ma guga ce aka yi mata daidai jikina?

Na tsani kaina da wannan tunanin. Mutum ya gama kuka a gabana. Amma tunanin ya ƙi tafiya.

Ƙaramar wayar tana kan kanta, kusa da almakashi. Ba ta da makulli. Na leƙa waje, na hango bayansa can cikin shanu. Na ɗauke ta na shiga sunaye, na sami Eva, na kwafe lambar a tafin hannuna da biron da ke jakata, na mayar da wayar daidai yadda take, fuskarta ƙasa. Wannan ba ƙarya ba ce, sata ce, ku sa ta a nata layin.

Da ya dawo na ce ina da lacca ƙarfe sha biyu. Ya raka ni bakin titi, ya tsayar min da keke, ya riƙe hannuna ya ce, "Yau na ji kamar an sauke min dutse. Amma don Allah ya tsaya tsakaninmu. Mamata ba za ta iya ɗauka ba." Na ce to.

Ban je makaranta ba. Na sauka kafin gada, na tsaya a inuwar wani shagon caji da ke rufe, na buɗe tafin hannuna. Gumi ya fara cin lambar, sai da na ƙura ido na raba uku da takwas. Na ce a raina, gaisuwa kawai zan yi mata. In ji muryarta, in tabbatar akwai ta, in koma gida in sa atamfata ran Asabar da zuciya ɗaya.

Ta yi ƙara sau huɗu.

"Alo?" Muryar mace ce babba, a gajiye, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Ina wuni, Anti. Don Allah da Anti Eva nake magana?"

"Ni ne. Wa ke nan?"

"Sunana Winifred. Daga Kolere."

Shiru. Har na duba ko layin ya yanke.

"Winifred na Zacharia?"

"E, Anti."

"Hm. Wata biyu ina kiransa ya ba ni lambarki, yana kashe min waya. Shi ya ba ki nawa?"

"A'a. Bai san na kira ba."

"Gara haka." Na ji ta ja wani abu kamar kujera ta zauna. "Jibi ne za su je gidanku ko? Ba a gayyace ni ba, a bakin mutane na ji."

Sai na ce abin da ya zo bakina. "Anti, yau ya gaya min abin da ya faru. Na kira ne in yi miki gaisuwa, ko da ya daɗe. Allah ya ji ƙan Yaya Mark."

"Ya ji ƙan wa?"

"Mai gidanki. Ya ce a hanya ya rasu, shekarar gudu."

Ta yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta ko kaɗan. Sannan na ji ta kawar da wayar daga bakinta ta ɗaga murya: "Ina zuwa, Baban Roda, kar ka taɓa tukunyar, da zafi!" Daga can ciki muryar namiji ta amsa, kalmomin a tauye, ban gane su ba.

Ta dawo kan layi.

"Kin ji shi? Mamacin kenan, yana jiran abincinsa. Gobe da safe ki hau mota ki zo Bahuli, ki tambayi gidan Eva mai awaki. Ki zo ke kaɗai. Kuma kafin ki zo, ki tambayi uwar Zacharia wa take kawo wa magani duk ƙarshen wata."